Sunan da Burushina Ya Ƙi Rubutawa

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, da baƙunta, da wahalar kafa shago a garin da ba ka da kawu. Allah ya sa ka shiga Kaduna da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin mota da na mutum, ya haɗa ka da maƙwabta masu tsoronsa. Innarka na gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata wanda Turawa ke nema ba ya kwana da yunwa, ta ajiye tausayinta ga mai fenti da ke gabanta.

Ka san karatuna bai yi nisa ba. A aji huɗu na tsaya, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi ina zana babur ɗin hedimasta. In ka ga wata kalma ta karkace ka gyara a zuciyarka. Kada dai ka ɗauki hotonta ka sayar wa Bature, don na san halinka yanzu.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Kafin ka tafi ka roƙe ni abu ɗaya. Ka ce in rubuta maka sunanka da burushi, da hannuna, ka rataya a ƙofar sabon shagonka na zane da buga takardu, ka kuma mayar da shi tambarin kamfanin. Na ce a'a. Ba ka yi musu ba, ka ja zif ɗin jakarka ka ce, "To, Baba." Yanzu Innarka ta ce ranar buɗe shago ta matso, saman ƙofar na nan fayau, kuma ka ce in har ban rubuta ba za ka sa haruffan kwamfuta ka huta. Wannan takarda ita ce amsata. Amma sai ka bi ni ta doguwar hanya, don ban taɓa iya zuwa wuri kai tsaye ba, ko da tsani a kafaɗa.

Bari in fara da abin da ba a faɗa. Ƙyashinka nake yi. Na je na tambayi liman ko uba na iya yi wa ɗansa hassada. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Garba, wanga ba hassada ba na, tsuhwa na." Na gode masa, amma ni na san abin da ke cina.

Dubi dai. Aikin da ka yi shekarun nan a ɗakinka, wanda kake kira da wani dogon sunan Turanci, mu ƙwadago muke ce masa. Ba ka da ubangida, ba ka da albashi, wanda ya kira ka yau shi ne sarkinka har ka gama masa. Shi na yi duk rayuwata. Na rubuta allon masu aski, da teloli, da masu kemis, da bayan motocin ɗaukar hatsi, tun daga Ƙofar Marke har Runjin Sambo. Bambancinmu, ni ina kan tsani rana na dafa mini ƙeya, kai kana ƙarƙashin fanka da kofin shayi a gefe, Bature na ajiye aiki a intanet kana tsinta. In ka gama ya ba ka taurari biyar. Ni sau ɗaya na ga taurari a wannan sana'a, ranar da na faɗo daga saman shagon mai niƙa. Kuma yanzu ka bar ƙwadago ka buɗe naka, da ma'aikata, da ƙofa mai makulli. Abin da na yi ta cewa zan yi bayan Sallah ke nan, tun kana rarrafe. Sallolin sun zo sun wuce.

To tunda dukiya ba ni da ita, kurakuraina zan ba ka gado tun ina raye. Su ne kaɗai abin da na tara da yawa.

Na farko, ina saurayi, ban daɗe da fara riƙe burushi ba. Wani dattijo mai ɗori a Ƙofar Dundaye, mutum mai kwarjini wanda ake kawo wa karaya daga ƙauyuka, ya ce in rubuta masa allo: a nan ake ɗorin ƙashi. Na zage na yi aiki, ja a kan fari, har da hoton ƙafa da karare. Abin da ban sani ba, ranar da aka koyar da haruffa masu ƙugiya a makaranta ina bakin taga. Na rubuta kalmar ƙarshe da k ɗin da ba shi da lanƙwasa. Ka karanta da kanka, ba sai na maimaita ba, Innarka na kusa da abinci.

Mutanen kirki sun gane abin da ake nufi suka wuce. Amma akwai teloli a shagon da ke kallonsa, kuma ka san tela ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Duk wanda ya zo wucewa sai su toshe hanci su nuna masa allon. Wani ya leƙa ya tambayi dattijon ko shi ma ya kawo nasa a ɗora masa. Dattijon bai zo wurina ba, wurin kakanka ya tafi, yana zaune a rumfarsa ta dukanci yana ɗinkin fata. Ya ce, "Malam, zo ka ga abin da ɗanka yam mayar da ni." Kakanka bai ɗaga murya ba. Ya sa na ɗauki tsani da gwangwanin fenti, ya bi ni a baya har can, da rana tsaka, na hau na ƙara ɗan lanƙwasan nan da bai kai tsawon farcena ba, teloli na tafa mini. Har yau jikokinsu in sun gan ni sai su ce, "Baba Garba, a dai riƙa sa ƙugiya."

Babana, lokacin da kake aiki a ɗaki, in ka yi kuskure Bature zai rage maka tauraro, ka rufe kwamfuta ka sha fura, ba wanda ya san fuskarka. Yanzu kana da ƙofa, kuma mai ƙofa ba ya ɓuya. Kada wani aiki ya fita daga shagonka sai wani ido da ba naka ba ya gan shi. Ka sa a karanta maka da ƙarfi, ko katin biki ne. Idon wanda ya yi aiki abin da ya yi niyya yake gani, ba abin da ya rubuta ba. In kuma kuskuren ya riga ya fita, ka ɗauki tsaninka ka je da kanka kafin a kai ƙara wurin ubanka, don ni ba zan iya biyo ka Kaduna ba, gwiwa ta ƙi.

Na biyu, ban taɓa iya cewa a'a ga aiki ba. Ɗan ƙwadago kullum yana jin tsoron gobe, ko yau ta cika masa hannu. Wani lokacin zaɓe, akwai wani gida a Runjin Sambo mai doguwar katanga a bakin titi, na wasu 'yan'uwa biyu da suka gada. Wan yana wata jam'iyya, ƙanen yana wata. Wan ya kira ni in rubuta sunan ɗan takararsa a katangar, na rubuta. Ƙanen ya tare ni a hanya ya ce in shafe in sa nasa, na ce an gama. Wan ya dawo ya ce wasu marasa kunya sun ɓata masa katanga, in zo in gyara, na ce Allah ya isa, na gyara. Na ɗauka na samu rijiyar da ba ta ƙafewa. Ina shafawa ina rubutawa, har katangar ta yi kauri.

Rannan na hau can sama ina cikin aiki, sai ga su sun fito tare, ashe sun haɗu a wurin suna sun yi hira. Ba su zage ni ba. Ƙanen ya ce, "Garba, hau bisa katanga ka duba muna ko layin ya miƙe." Na hau na zauna. Suka ɗauke tsanin suka shige gida da shi. Na zauna a kan katangar nan kamar angulu, 'yan kabu-kabu na wucewa suna yi mini sannu da hutawa, har aka kira la'asar. Abu ɗaya da na yi na alheri a siyasa ke nan, na shirya 'yan'uwa biyu.

Na ga wannan ciwon a jikinka. Na ga kana karɓar aikin mutum huɗu a lokaci ɗaya kana cewa kowa gobe, idonka ya yi ja. A ɗaki kanka kaɗai kake kashewa. A shago akwai waɗanda ke ƙarƙashinka, su za su sha wahalar bakinka, kuma ranar da suka gaji su za su ɗauke tsanin. Ka koyi cewa, "Wannan makon ba zan iya ba." Wanda ka faɗa wa haka zai yi fushi ya dawo. Wanda ka ce wa an gama alhali ba a fara ba, shi ba ya dawowa, kuma yana da baki.

Na uku shi ne babba, shi ne kuma ya shafi maganarmu. Ka san Alhaji Ila mai buga bana, allon leda ɗin nan na inji, wanda ke ɗaga mini hannu ta gilashin mota. Da can Ila ne kawai, tare muke hawa tsani, kuma ban ɓoye maka ba, na fi shi hannu. Shi ma ya sani. Ya je Kano ya ga injin da ke buga allo da hoton mutum a kai, kafin ka sha ruwa ya fito. Ya dawo jikinsa na rawa ya ce mu haɗa ƙarfi mu sayo, mu kama shago. Na yi dariya na ce wa zai bar aikin hannu ya sayi leda. Ya yi ta bina har na yarda. Mun shirya komai, saura sunan shago. Ya ce Ila da Garba. Na ce Garba da Ila, don ko a makaranta G na gaban I, wannan kam ina aji ranar da aka koyar. Ya ce shi ya fara ganin injin. Na ce ni na fara ganin duniya. A kan wannan muka rabu, Babana. Ba a kan riba ba, ba a kan amana ba, a kan wa zai zo gaba a allon shagon da ba a kama ba tukuna.

Na dawo gida a fusace na ce zan buɗe nawa ni kaɗai. Na sayi katakon maɗaci mai kyau, na goge shi, na zauna na rubuta allon da ban taɓa yin irinsa ba kuma ban sake ba. Ruwan zinariya a kan kore, kowane harafi da inuwarsa: GARBA FENTI DA 'YA'YANSA. Kana rarrafe a lokacin, kai kaɗai ne 'ya'yan. Allo ya bushe, saura shago. Na jingine shi a zaure zuwa bayan Sallah. Ila ya samu wani ya haɗa da shi, ya bar wa mutumin gaba a suna, bai damu ba. Masu shaguna suka koma wurin leda ɗaya bayan ɗaya, don leda na ɗauke da hoton mai shago yana murmushi, ni kuwa in na zana mutum sai matarsa ta ce ba shi ba ne. Allona ya tashi daga zaure ya koma bayan ɗaki, daga nan Innarka ta ga ya yi daidai da bakin akurkin kaji. Ka girma kana ganinsa a can. Kajin nan su suka zama 'ya'yan Garba Fenti, kuma cikinsu ba wanda ya koyi sana'ar.

Abu biyu za ka ɗauka a nan. In wani ya zo maka da shawarar haɗa gwiwa, ka tambayi halinsa, ka tambayi aikinsa, ka bar maganar wa ke gaba sai ƙarshe. Na biyu, kada ka yi wa inji dariya. Na ji a majalisa ana cewa yanzu an yi wata kwamfuta da ke zane da kanta, ka gaya mata abin da kake so ta zana, ba ta shan shayi ba ta neman taurari. Ka yafe mini, da na fara ji sai da na ji wani sanyi a raina, na ce to, shi ma ledarsa ta iso. Ban kai gida ba na tuna abincin ɗana ne a kan layi, sanyin ya gudu. Ka je ka dube ta tun tana baƙuwa. Ka koyi yadda ake sa ta aiki kafin wani Ila ya riga ka. Ni na tsaya ina gaya wa mutane na fi inji hannu, kuma gaskiya na faɗa, amma ba wanda ya tambaye ni.

Saura maganar suna. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun ranar da aka raɗa maka shi bai fito daga bakina ba, Babana nake ce maka, kamar yadda aka saba. Ko a katin zaɓe sunan unguwa na sa a bayan nawa don kada ma'aikaci ya sa in faɗi sunan mahaifina. Na rubuta sunan rabin mutanen garin nan, manya da ƙanana, har da na wani da ya sa wa shagonsa sunan tsohuwar budurwarsa, amma in mai irin sunanka ya kawo aiki sai in ce fenti ya ƙare.

Ranar da za a sa ka makaranta na yi wanka na sa riga, na kama hannunka, muka fito. A ƙofar gida na tuna hedimasta zai ce, yaya sunan yaro? Na tsaya. Sai ga maƙwabcinmu Malam Bitrus, mutumin Filato da ke koyarwa a makarantar, ya fito da jakarsa. Na ce, "Ticha, don Allah tafi da wanga yaro ka rubuta shi, ni wani aiki ya taso." Ba aikin da ya taso. Na koma zaure na zauna da sabuwar riga. Ya dawo da kai da rana kana riƙe da ɗan yatsansa, kuma ban tabbata ka sake shi ba har yau.

Mutumin kirki ne, kada ka ji wani abu. Matarsa ta yi jinyar Innarka, mu ke fara cin shinkafarsu ta Kirsimeti, su ke fara cin naman layyarmu. Amma shi ma ina ƙyashinsa, kuma nasa ya girmi naka. Yana leƙo kai ta katanga ya ƙwala maka kira da sunanka gaba ɗaya, kamar mai kiran mai goro, ni da na haife ka ina zaune ina ji. Shi ya ba ka tsohuwar kwamfutarsa lokacin da ka ce warin fenti na sa ka amai. Ranar da Bature na farko ya karɓi aikinka, gidansa ka fara rugawa. Ta katanga na ji ihunku. Da ka shigo ka gaya mini, na ce "Madalla," na ci gaba da wanke burushi a kananzir. Abin da ba ka sani ba, kana fita na jefar da burushin na tafi gindin dogon yaro, na hana kowa magana a majalisa har magariba. Na ce musu ɗana na yi wa Turawa aiki daga ɗaki, har na ƙara da cewa ni na koya maka. Duk unguwa ta ji yabonka daga bakina, ban da kai.

Kada ka yi wa ma'aikatanka haka. In ɗaya ya yi aiki mai kyau, ka kira sunansa, ka faɗa masa a fuskarsa, a gaban sauran. Yabon da aka kai majalisa bai isa wurin mai shi ba. In ba ka faɗa ba, akwai wani Bitrus a bayan katanga da zai faɗa, kuma can za su riƙa rugawa.

Sannan ka zo ka ƙara mini gishiri a ciwo. Bara na ga kana yawo gari da waya kana ɗaukar hoton tsofaffin alluna, waɗanda rana ta ci rabinsu. Na ɗauka shaida kake tarawa a kaina. Sai rannan ka juyo mini da fuskar kwamfuta, na ga haruffana. R ɗina mai doguwar ƙafa, S ɗina da ke jingina kamar ya sha rana, ga su a jikin gwangwanin shayi a wata ƙasa da mutane ke sa rigar sanyi har cikin ɗaki. Ka ce sun so su ne don an ga hannun mutum a ciki. Babana, na ƙare ƙuruciyata ina ƙoƙarin in miƙar da ƙafar R ɗin nan ta yi kama da ta inji, kai kuma ka sayar da ita don ta ƙi miƙewa. Hannuna ya je Turai, ni ban wuce Zariya ba. Na ce maka, "Ba laifi." A raina kuwa ina cewa, ashe abin da nake da shi ke nan, sai da wani ya zo da waya ya gani.

Shi ya sa da ka ce in rubuta sunanka, amsa ta riga tunani fita. Na ce ina aka taɓa yi, uba ya rubuta sunan ɗan fari, kuma sunan mahaifinsa. Wannan gaskiya ce, amma rabinta. Ɗaya rabin, na hango allonka a saman ƙofa ta gaske, a babban titi, mutane na shiga suna fita a ƙarƙashinsa, nawa kuma kaji na yi masa abin da dattijon Ƙofar Dundaye ya ce ba ya ɗorawa. Na kasa.

Bayan ka tafi Innarka ta yi kwana da kwanaki tana ajiye mini tuwo da ɗan ƙarfi. Rannan tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Malam, wagga kunya ta, ko ƙyashi na?"

Na ce, "Al'ada ta."

Ta ce, "Ni ma ban taɓa hwaɗin sunan ba, amma ni ban iya rubutu ba. An ce kar baki ya hwaɗi. Wa yac ce kar burushi ya rubuta?"

Na ce malamai ba su yi bayani a kan burushi ba. Ta ce to in je in tambayi liman, tunda na saba kai masa ciwona. Ban je ba, na san abin da zai ce.

Washegari da hantsi na je bakin akurki na cire allon. Kaji suka fito suna kallona kamar na rushe musu gari. Na wanke shi da omo, na kankare, na goge. Maɗaci ne, ko tsaga bai yi ba, ya fi mai shi jure zama. Na tsaya na karanta GARBA FENTI DA 'YA'YANSA sau ɗaya, sannan na shafe shi da kore. Na ba shi hannu biyu, shafa a kan shafa. Da ya bushe na jingine shi a zaure, daidai inda ya fara zama, na ja layi da alli, na dama ruwan zinariya.

Na daɗe a tsaye da burushi a hannu. Na hau tsani a kan benaye ban ji komai ba, amma ga ni a ƙasa ina ta sake dama fentin da ya riga ya damu. Sai ga Malam Bitrus ya yi sallama, ya ga abin da ake ciki, bai tambaya ba, ya zauna ya riƙe mini gefen allon don kada ya motsa. Na yi bismillah na fara da harafin farko. Na ja masa ƙugiyarsa a hankali, na yi mata kyau fiye da kowace ƙugiya da na taɓa yi, don teloli ko a Kaduna akwai su. Sauran haruffan suka biyo da kansu. R ɗin ya zo da doguwar ƙafarsa, na bar shi, tunda an ce ita ake saye.

Da na gama Ticha ya ja baya, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi yadda ya saba. Sannan ya ce, "Garba, ashe ka san sunan."

Na ce, "Ticha, ni na yanka ragon."

Ya yi dariya har da tari, daga baya na ga yana goge tabarau da bakin riga ya daɗe bai mayar ba. Na ce masa warin fenti ne, yana yi wa wasu haka.

Allon na hannun direban da ya kawo maka wannan takarda, an naɗe shi da buhu da tsohon zanen Innarka. Ka shanya shi ya sha iska kafin ranar buɗewa, don na wanke iya wankewa amma wanda ya matso sosai zai san inda ya yi zama. Ka san al'adarmu, mai fenti na sa ɗan sunansa a kusurwar ƙasa don a san aikin wa ne. Ka duba, ban sa ba. Ba sai na sa ba. Ina ƙarƙashin koren, ni da 'ya'yana, kai kana sama. In rana ta yi shekaru tana dukansa wataƙila inuwar tsofaffin haruffan ta fito. In ta fito kada ka kira mai leda, ka bar ta.

In kuma ka ga haruffan kwamfuta sun fi dacewa da irin mutanen da kake nema, ka sa su, shagonka ne, ba zan yi fushi a fili ba. Sai dai ka dawo mini da allon da wuri, don yanzu tsohuwar tabarma ce a bakin akurki kuma muzurun unguwa ya fara zagaye.

Ƙyashin bai tafi ba, kada in yi maka ƙarya. Ranar da ka buɗe zan je gindin dogon yaro in hana kowa magana, in dawo gida in ce wa Innarka ai ni ma da na samu fanka da na yi. Amma wannan karon na so ka ji daga wurina kafin majalisa ta ji: aikinka na da kyau. Ka fi ni ido, ka fi ni haƙuri, ka fi ni sanin lokacin da ake tashi daga ƙwadago. Hannu dai har yanzu na fi ka.

Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka. Ya tsare ƙofarka daga wuta da ɓarawo da mai zaƙin baki. Ya ba ka ma'aikata masu amana, ya ba su ubangida mai adalci. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko aiki ya kai wuya, ka kira Innarka ranar Juma'a, ka kira Ticha ma, amma bayan ka kira ni. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa allon nan ya tsufa a saman ƙofa.

Allah ya yi maka albarka, Ɗahiru.

Ka duba da kyau, har da ƙugiyar.

Mahaifinka, wanda kuma ɗanka ne,
Garba Fenti, Ƙofar Marke